Sharuɗɗan Rance da Wa'adin Mulki: Yadda Ƙananan Garuruwan Faransa Ke Cin Bashi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda hukumomin ƙananan garuruwa a Faransa ke karɓar rance daga bankuna, da yadda suke zaɓen sharuɗɗansa, tun daga 1982 da aka sakar musu mara. An dogara da dokokin ƙasar, da binciken majalisar dokoki na 2011, da hukunce-hukuncen kotu, da kuma lissafin misali. Hujjar da maƙalar ke kafawa ita ce doka ta tsaurara a kan dalilin cin bashi, amma ta daɗe tana sakaci da siffarsa, kuma a nan ne tazarar da ke tsakanin wa'adin magajin gari na shekara 6 da wa'adin rance na shekara 20 ko 30 ta yi ɓarna.

1. Gabatarwa

Faransa na da hukumomin gari kusan 35,000, mafi yawansu ba su kai mutum 2,000 ba. Kowanne yana da zaɓaɓɓiyar majalisa da magajin gari da kasafin kuɗinsa. A ƙauyuka da dama ma'aikacin ofis ɗaya ne tak, sakataren hukuma, wanda sau da yawa yake raba kwanakin mako tsakanin garuruwa biyu ko uku. Irin wannan hukuma ce ke zama da ma'aikatan banki domin tsara bashin da za a gina makaranta ko a sake bututun ruwa da shi. Gari mai wannan girma ba ya sayar da takardun lamuni a kasuwar hannun jari kamar yadda birnin Paris ke yi. Banki yake zuwa: Crédit Agricole, Caisse d'Épargne, Crédit Mutuel, La Banque Postale, ko Banque des Territoires, reshen Caisse des Dépôts da aka kafa a 2018.

Maƙalar ba ta shiga batun halaccin kuɗin ruwa ba, wannan fage ne na malaman fiƙihu. Tambayoyin da ta ɗauko, wato wa ke ɗaukar kasada, har tsawon wane lokaci, kuma nawa ne kuɗin fita, suna nan ko da yarjejeniyar ta murabaha ce.

2. Abin da doka ta tsare

Kafin 1982 sai da amincewar wakilin gwamnatin tsakiya, wato préfet, gari ke cin bashi, kuma galibin kuɗin daga Caisse des Dépôts yake fitowa a kan farashin da hukuma ta ƙayyade. Dokar ranar 2 ga Maris, 1982 ta cire wannan takunkumi. Majalisar gari ce yanzu ke yanke shawara, kuma tana iya miƙa wa magajin gari ikon sa hannu a madadinta. Rance ba ya cikin abubuwan da dokar kwangilar gwamnati ta wajabta wa gasar neman tayi, don haka neman farashi daga bankuna uku ko huɗu al'ada ce ta masu hankali, doka ba ta tilasta ba.

Shingen da aka bari mai ƙarfi ne. Kasafin gari kashi biyu ne, na gudanarwa da na ayyukan raya gari, kuma kowanne dole ya daidaita. Ba a cin bashi don biyan albashi ko kuɗin wuta. Ba a kuma biyan uwar kuɗin tsohon bashi da sabon bashi, sai daga abin da garin ya samu da kansa. Biyan bashi yana cikin kashe-kashen da suka zama wajibi, har préfet na iya sa shi cikin kasafi da ƙarfin doka idan majalisa ta ƙi, bayan ya nemi ra'ayin kotun binciken kuɗi ta yankin. Saboda haka gari a Faransa ba ya karyewa irin karyewar kamfani. Banki ya san kuɗinsa za su dawo ko da sai an ƙara wa mazauna haraji, kuma wannan tabbaci, a ganina, shi ne ya rage wa bankunan dalilin yin taka-tsantsan da abin da suke sayar wa garuruwa.

3. Nawa za a ci, kuma yaushe

Rance shi ne abu na ƙarshe da ake cike giɓi da shi. Ana fara lissafa rarar da ta saura bayan kuɗin gudanarwa, sannan tallafin gwamnati kamar DETR na yankunan karkara, da na jiha da na lardi. Doka ta ce, in ban da wasu keɓantattun ayyuka, mai aikin ya kawo aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da hukumomi suka zuba. Akwai kuma asusun FCTVA da ke mayar wa gari kashi 16.404 cikin ɗari na abin da ya kashe a ayyukan da suka cancanta, a madadin harajin kaya da ya biya, sai dai kuɗin na iya ɗaukar shekara ɗaya ko biyu kafin su iso. Wannan jira ake cikewa da rancen ɗan lokaci na shekara biyu ko uku, wanda kuskure ne a haɗa shi da rancen shekara 20.

Lokacin karɓar kuɗin ma yana da tasiri. Wajibi ne gari ya ajiye kuɗinsa a baitulmalin ƙasa, kuma ajiyar ba ta haifar da komai. Wanda ya karɓi rance wata takwas kafin ɗan kwangila ya kawo takardar biya, yana biyan ruwa ne a kan kuɗin da ke kwance.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen gane ko gari ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa shi ne a raba jimillar bashi da rarar shekara guda, a ga shekara nawa za a yi kafin a biya. Dokar tsara kuɗin gwamnati ta 2018 zuwa 2022 ta sa shekara 12 a matsayin iyakar da ake dubawa ga garuruwa.

4. Wa'adi, salon biya da nau'in ruwa

Mu ɗauki misali na lissafi kawai: yuro 500,000 a kan ruwa tsayayye na kashi 3 cikin ɗari, ana biya sau ɗaya a shekara. Idan wa'adin shekara 10 ne kuma biyan daidai yake kowace shekara, za a riƙa ba da kimanin yuro 58,600, jimillar ruwa ta kama 86,000 da ɗoriya. Idan aka ja shi zuwa shekara 20, biyan shekara ya sauko zuwa kimanin 33,600, amma ruwan ya haura 172,000, wato ya ninka. Akwai salo na uku: a raba uwar kuɗi daidai, 25,000 kowace shekara har 20, ruwa yana raguwa a hankali. Biyan farko 40,000 ne, na ƙarshe 25,750, jimillar ruwa 157,500.

Babu wanda ya fi wani a kowane hali. Ƙa'idar da masana kuɗin gwamnati suka yarda da ita ita ce wa'adin bashi ya bi tsawon rayuwar abin da aka saya: motar kwashe shara ba ta cancanci shekara 20 ba, bututun ruwa kuwa zai yi wa jikoki aiki, don haka babu zalunci idan su ma sun biya wani abu. Amma a lura da wanda kowane salo ke yi wa daɗi. Salo na uku ya fi na biyu araha a jimilla, sai dai nauyinsa yana kan majalisar da ta sa hannu. Dogon wa'adi yana sauƙaƙa wa mai ci yanzu, ya bar wa magadansa ragowar. Magajin garin da zaɓe ke gabansa yana da dalilin karkata, ko da mutumin kirki ne.

Sai batun ruwa tsayayye ko mai canzawa. Mai canzawa yana bin ma'aunin Euribor ko na asusun ajiya na Livret A. Daga 2015 zuwa tsakiyar 2022 Euribor na wata uku yana ƙasa da sifiri, masu irin wannan rance suna murna. Daga Yulin 2022 zuwa Satumbar 2023 Babban Bankin Turai ya ɗaga ruwan ajiyarsa daga rabin kashi ɗaya ƙasa da sifiri zuwa kashi 4, Livret A kuma ya tashi daga kashi 1 zuwa 3. Ruwa tsayayye yana kare gari daga wannan, amma yana zuwa da sharaɗin da kansiloli ba su cika karantawa ba: diyyar biya kafin wa'adi. Ana lissafa ta ne da asarar da banki zai yi idan ya sake ba da kuɗin a kan farashin ranar, don haka tana kumbura daidai lokacin da ruwa ya sauka, lokacin da garin ke son fita.

5. Rance mai guba

A tsakiyar shekarun 2000 bankuna, musamman Dexia, wanda ya samo asali daga haɗewar Crédit Local de France da Crédit Communal na Beljiyam a 1996, suka riƙa tallata wani sabon nau'in rance. Shekarun farko ruwan yana ƙasa da na kasuwa. Bayan haka sai wata dabarar lissafi ta fara aiki, wadda ta rataya a kan abin da ba ruwan garin da shi, kamar tazarar ruwan dogon wa'adi da na gajere, ko canjin yuro da faran na Suwizalan. Sau da yawa ba sabon aiki ne ya kawo shi ba. Tayin sake tsara tsohon bashi ne, a cusa diyyar fita cikin sabuwar yarjejeniya yadda ba za ta fito a kasafin bana ba.

Ga yadda na faran ke aiki. Muddin yuro ɗaya yana sayen faran 1.44 ko fiye, ruwan yana nan, a ce kashi 4. In ya faɗi ƙasa da haka, sai a raba 1.44 da farashin ranar, a cire ɗaya, a ƙara rabin sakamakon a kan ruwan. A 2007 yuro yana sama da faran 1.60, shingen yana da nisa. Da rikicin kuɗi ya sa masu dukiya suka ruga zuwa faran, Babban Bankin Suwizalan ya kafa ƙasan 1.20 a Satumbar 2011. A wannan farashi ruwan misalinmu ya zama kashi 14. Ranar 15 ga Janairu, 2015 bankin ya janye ƙasan ba zato, yuro ya gangaro kusa da faran ɗaya. A kan 1.05 ruwan ya haura kashi 22. Mai karatu a Maradi ko Damagaram da ya ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya san yadda farashin canji da aka ɗauka dutse ne ke motsawa cikin dare ɗaya.

A haƙiƙa garin ya sayar wa banki inshora ne a kan tashin faran, kuma rangwamen shekarun farko shi ne kuɗin inshorar da aka biya shi. Araha ba ta ado. Asarar ba ta da iyaka a rubuce, kuma diyyar fita a wasu yarjejeniyoyi ta zarce uwar kuɗin da ta rage. Kwamitin binciken majalisar dokoki da Claude Bartolone ya jagoranta a 2011 ya ƙiyasta rance mai haɗari da ke wuyan hukumomin yankuna da asibitoci da hukumomin gidaje a kan yuro biliyan 18.8.

An saba cewa jahilcin kansiloli ne ya jawo haka. Bayanin bai cika ba. Christophe Pérignon da Boris Vallée, a nazarin da suka buga a 2017, sun nuna cewa hukumomin da bashi ya riga ya yi wa yawa da waɗanda takarar zaɓe ta yi zafi a cikinsu sun fi karɓar irin wannan rance, an fi karɓarsa gab da zaɓe, kuma ya taimaka wa masu mulki komawa kujera. Ke nan wasu sun fahimci isasshen abin da ya shafe su: rangwamen zai faɗo cikin wa'adinsu, kasadar kuma cikin na wani.

Kotu ba ta zama mafita ba. A Fabrairun 2013 lardin Seine-Saint-Denis ya yi nasara a kan Dexia a kotun Nanterre saboda takardar faks da ta tabbatar da yarjejeniyar ba ta ambaci jimillar ruwan shekara ba. Amma a lokacin gwamnati ta riga ta gaji basussukan Dexia ta hannun bankin SFIL, sai majalisar dokoki ta yi dokar 29 ga Yuli, 2014 da ta halatta irin waɗannan yarjejeniyoyi har waɗanda suka gabata. Ƙaramin garin Saint-Cast-le-Guildo na gaɓar tekun Bretagne ya samu hukuncin diyya a 2015 bisa cewa banki bai yi masa isasshen gargaɗi ba, kotun ɗaukaka ƙara ta Versailles ta soke shi a 2016. Abin da ya rage shi ne asusun tallafi na yuro biliyan 1.5, wanda aka ninka zuwa biliyan 3 bayan tashin faran, da sharaɗin mai karɓa ya sasanta da banki ya janye ƙara.

6. Gyaran da aka yi da inda ya tsaya

Yarjejeniyar Gissler ta Disambar 2009 ta jera rance bisa haɗarinsa, daga 1A mafi sauƙi zuwa 5E, aka kuma wajabta wa hukumomi nuna wannan jeri a takardun kasafinsu. Dokar 26 ga Yuli, 2013 ta taƙaita ma'aunan da za a iya rataya ruwa a kansu, ta kuma ce rancen kuɗin waje sai an rufe kasadar canjinsa gaba ɗaya. A shekarar ce hukumomin yankuna suka kafa bankinsu, Agence France Locale, inda kowane memba ke zuba jari, bankin ya ciwo kuɗi a kasuwa da sunan taron, ya ba membobi rance mai sauƙin fahimta. Ƙauye mai mutum ɗari biyar yana iya shiga.

Waɗannan matakai sun toshe dabarun lissafi masu ninka asara. Ba su taɓa jinkirta fara biyan uwar kuɗi ba, ko ja wa'adi fiye da rayuwar aikin, ko sake tsara bashi don a sauƙaƙa shekara biyu kafin zaɓe, kuma duk waɗannan suna iya zama a rukunin 1A. Abin da wannan nazari ke ba da shawara a kai ƙarami ne: kada majalisar gari ta amince da rance sai an ajiye mata jadawalin biya na kowace shekara har ƙarshen wa'adi, da adadin diyyar fita idan ruwa ya sauka ko ya hau da kashi 2, kuma ikon sa hannun da ake miƙa wa magajin gari ya tsaya a kan rancen da bai wuce wani adadi da wani wa'adi da majalisar ta rubuta ba.