Tsarkake Ƙaron Guggulu a Likitancin Ayurveda

Guggulu ƙaro ne mai ƙamshi da ɗaci, wanda ake samu idan an tsaga bawon wata bishiya mai ƙaya da ke tsirowa a busassun yankunan Rajastan da Gujarat na Indiya da kuma Sindi ta Pakistan. Masana tsirrai suna kiranta Commiphora wightii, kuma danginsu ɗaya da dashi. Likitocin Ayurveda, wato likitancin gargajiyar Indiya, sun daɗe suna ba da ƙaron don ciwon gaɓoɓi da rage ƙiba, amma ba sa ba da shi ɗanye, domin ɗanyensa yakan jawo ƙuraje da gudawa. Sai an bi da shi ta hanyar da suke kira shodhana, wato tsarkakewa.

Da farko akan tsince yashi da ɓawo, a farfasa ƙaron, a ƙulle shi a ƙyalle, a rataya ƙunshin a sandar da aka gitta a bakin tukunya yadda zai nutse cikin ruwa ba tare da ya taɓa gindinta ba. Ruwan yakan zama dafaffen triphala, haɗin 'ya'yan itace uku, ko madarar saniya, ko fitsarinta. Wuta na ci a hankali, ƙaron yana narkewa yana tsatsafowa ta ƙyallen, tsakin ya tsaya a ciki. Daga nan a ci gaba da dafawa har ya yi kauri, a shanya, a kirɓa da man shanu.

Wannan aiki ya wuce wanki. Zafi yana korar wani kaso na mai mai ƙamshi da ke cikin ƙaron. Sinadaran da aka fi danganta amfaninsa da su, wato guggulsterone nau'in E da Z, sun fi narkewa a maiƙo fiye da ruwa, don haka madara da ruwan triphala ba za su bi da su daidai ba. Shi kansa triphala yana barin sinadaransa masu bauri a cikin maganin. Ke nan kowane ruwa da irin guggulun da yake fitarwa.

Wannan bambanci yana da nauyi wajen fahimtar bincike. A 1966 G. V. Satyavati ta nuna a Jami'ar Banaras cewa ƙaron yana rage kitsen jinin dabbobi, amma gwajin da mujallar JAMA ta buga a 2003 a Amurka bai ga raguwar mugun kitse ba, har wasu daga cikin mutanen da aka gwada a kansu suka yi ƙuraje. Abin da aka gwada a can tatacce ne na masana'anta, ba wanda ya bi ta shodhana ba, saboda haka sakamakon bai wanke hanyar gargajiya ba, bai kuma kayar da ita ba. Hukunci na gaskiya yana buƙatar a auna sinadaran kafin dafawa da bayanta, ruwa bayan ruwa, sannan a gwada kowanne a jikin majiyyata.