Wip1: Sinadarin da ke kashe ƙararrawar gyaran DNA

DNA, kundin gadon da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam, yana samun rauni kullum. Daga cikin masu jawo raunin akwai hayaƙin taba da gubar aflatoksin, wadda ake samu a masara da gyaɗar da aka adana da danshi. Wannan abin lura ne ga manoman yankuna masu yawan ruwan sama irin su Kujama da Kafanchan a Jihar Kaduna.

Da zarar rauni ya auku, furotin ATM yakan liƙa fosfet a jikin furotin p53. Shi kuma p53 sai ya dakatar da rabuwar ƙwayar har a gyara ɓarnar, ko ya sa ta mutu idan gyara ya faskara.

Wip1, wanda aka gano a Amurka a 1997, yana cikin dangin fosfatis, wato sinadaran da ke cire fosfet. Bayan an kammala gyara, shi ne ke kashe ƙararrawar don ƙwayar ta koma aikinta.

Matsala takan taso idan Wip1 ya yi yawa. Yakan kashe ƙararrawar tun gyara bai ƙare ba, sai gurɓatattun ƙwayoyi su ci gaba da hayayyafa. An samu ninkuwar ƙwayar gadonsa, PPM1D, da ke kan kromosom na 17, a wasu nau'o'in sankarar mama da ta ƙwan mace. Shi ya sa masana ke gwada sinadaran daƙile shi a ɗakunan bincike.