Gibin da Takardar Albashi Ba Ta Nunawa: Daga Gabashin Jamus Zuwa Fadamar Haɗejiya

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, Tarayyar Sobiyet ta rushe. Kafin nan, a Jamus ta Gabas, kusan mata tara cikin goma na masu shekarun aiki suna aiki ko karatu, domin gwamnati ce ke ɗaukar ma'aikata, ita ke kuma riƙe da gidajen renon yara. Bayan haɗewar Jamus a 1990 masana'antu suka durƙushe, sai ƙididdiga ta nuna gibin albashin maza da mata ya ragu a gabashin ƙasar. Wani ɓangare na dalilin ba abin murna ba ne: matan da suka fi ƙarancin albashi su ne suka fi rasa aiki, suka fita daga lissafin.

Wannan darasi ya shafi kwarin Haɗejiya. A 1974 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan biya daidai, a shekarar da aka kammala madatsar Tiga. Tiga, da Challawa da ta biyo baya a 1992, sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamar Haɗejiya da Nguru, harkar noma ta ƙara karkata ga noman rani. Fili da injin ban-ruwa da rance galibi suka zauna a hannun magidanta. Mata suka ci gaba da sussuka, shiƙa, kala, gumar shinkafa da bandar kifi, sau da yawa ladansu mudun hatsi ne. A Musulunci abin da mace ta samu nata ne, amma hakan bai ƙayyade yawan abin da za a biya ta ba.

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci biya daidai ba tare da bambancin jinsi ba. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta cire ƙwadagon noma na lokaci-lokaci da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, a nan kuwa mafi yawan matan kwarin suke aiki.

Saboda haka, idan aka ce malami da malama masu mataki ɗaya a Haɗejiya albashinsu ɗaya, gaskiya ne. Abin da ya rage a ƙirga shi ne ladan mai shiƙa a masussuka, a kwatanta shi da na namijin da ya yi yini a gona ɗaya da ita.