Tarihin Yunƙurin Kare Birnin Ndar daga Ambaliya a Bakin Kogin Senegal

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin matakan da hukuma ta ɗauka don kare birnin Saint-Louis, wanda Wolofawa ke kira Ndar. Faransawa suka kafa shi a 1659 a kan wani tsibiri cikin Kogin Senegal, dab da inda kogin ke faɗawa cikin Tekun Atilantika. Abin da ya raba birnin da tekun bai wuce wani siririn zirin yashi ba, kuma a kansa unguwar masunta ta Guet Ndar take. Hauhawar ruwan teku sakamakon sauyin yanayi ta daɗe tana zaizayar wannan ziri.

A daminar 2003 kogin ya cika ya tumbatsa, har ya yi barazanar shanye birnin. Ganin haka, a watan Oktoba gwamnatin Shugaba Abdoulaye Wade ta sa aka tsaga zirin yashin a kudu da birnin, domin ruwa ya sami gajeriyar hanyar fita. Faɗin tsagin mita 4 ne kacal. Ruwan kuwa ya janye nan da nan. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin igiyar teku ta yi ta cin bakin tsagin, kafin shekara 20 ya zarce kilomita 5. Teku ya cinye ƙauyen Doun Baba Dieye, ruwan gishiri ya ɓata gonakin albasa na yankin Gandiol, masunta masu yawa suka halaka wajen ƙetare sabuwar mashigar. Kuskure ne, saboda haka, a ɗora wa sauyin yanayi laifin dukkan ɓarnar; gaggawar hukuma na da nata kason.

Bayan igiyar ruwa ta rushe gidaje a Guet Ndar a 2017, an nemi agajin waje. A Fabrairun 2018 Faransa ta yi alkawarin Yuro miliyan 15 don gina shingen duwatsu, Bankin Duniya kuma ya ware Dala miliyan 30 don sake tsugunar da jama'a. Aka kwashe iyalai zuwa Diougop, can cikin tudu, inda masunci sai ya shiga mota kafin ya isa wurin kwalekwalensa.