Tseren Keke na Faso da Ɗan'uwansa na Kwaddibuwa

Tseren Faso, wanda masu jin Faransanci ke kira Tour du Faso, gasa ce ta mahaya keke da ake gudanarwa a kan titunan ƙasar Burkina Faso tun daga shekarar 1987, galibi a ƙarshen watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da damina ta ɗauke, hunturu kuwa bai kankama ba tukuna. Ana yin sa zango-zango cikin kwana goma ko kusa da haka, nisansa kuma, idan an tara, yakan haura kilomita dubu ɗaya. Shi ne mafi shahara a cikin irin waɗannan gasanni a Afirka ta Yamma, har ma wanda ke zaune a unguwar Biyafara ta Treichville ko a Adjamé cikin birnin Abijan, inda Bahaushe da Bamoshe da Bajule suka daɗe suna maƙwabtaka a kasuwa da masallaci, ba zai rasa jin labarinsa ba a bakin mutanen Faso mazauna Abijan, waɗanda yawansu ya zarce na kowace al'umma ta baƙi a ƙasar Kwaddibuwa.

Ka'idar wannan wasa kuwa tana da sauƙin faɗi, amma hikimarta ba ta bayyana ga mai kallo daga bakin hanya, wanda abin da zai gani bai wuce gilmawar riguna masu launi cikin ƙiftawar ido ba. Kowace rana ana tashi daga wani gari a sauka a wani, alƙalai su rubuta sa'o'i da mintocin da kowane mahayi ya ci, kashegari a ɗora sabon lissafi bisa na jiya, har ranar ƙarshe, wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara, ko da bai taɓa riga kowa shiga gari ba ko sau ɗaya. Wanda ke kan gaba a lissafi shi ke sa rawayar riga, domin a gane shi a cikin taro. Babban abokin gābar mahayi iska ce, gama wanda ya laɓe a bayan wani yana iya rage kusan sulusin wahalar da na gaba ke sha, saboda haka ne ma ake shiga tseren ƙungiya-ƙungiya, a zaɓi mutum ɗaya a ce shi za a kai, sauran su tare masa iska, su koma baya wurin motar ƙungiya su ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta fashe wani ya sauka ya miƙa masa tasa. Duk wanda ya san labarin ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, da madugunsu da jagabansu da zangon da ake yada wa kowace maraice, ya riga ya fahimci rabin al'amarin; abin sha'awa ma shi ne, Fada Ngurma da Kufela da Tenkodogo, garuruwan da waɗancan fatake suka riƙa ratsawa da jakuna, duk sun kasance zangunan wannan tsere a shekaru dabam-dabam.

Asalin ta'adar daga Faransa ne. A shekarar 1903 wata jarida mai suna L'Auto, wadda Henri Desgrange ke shugabanta, ta ƙago tseren kewaya Faransa domin ta ƙara ciniki, aka yi zango 6 masu nisan kilomita 2,428, mutum 60 suka tashi, 21 suka kai ƙarshe, Maurice Garin ya yi galaba. Rawayar riga ba ta shigo ba sai 1919. Italiya ta yi nata a 1909, Sifen a 1935, Maroko kuma, tana ƙarƙashin Faransa, a 1937. Daga nan ne sha'awar ta bi Turawan mulki da 'yan kasuwarsu zuwa ƙasashenmu, ta bi kuma hanyar jirgin ƙasa da aka soma shimfiɗawa daga Abijan a 1904, wadda ta isa Bobo Julaso a 1934, ta isa Wagadugu a 1954, wadda tasharta ta Treichville har yau take tsaye.

Akwai wani al'amari da ya auku kafin a haifi tseren Faso da shekara ashirin da bakwai da 'yan watanni, wanda marubutan tarihin keke ba sa ambaton Wagadugu ba tare da shi ba. A watan Disamba na 1959, ƙasar tana amsa sunan Haute-Volta, Maurice Yaméogo yana shugabancinta, aka gayyato manyan mahayan Turai su zo su yi tseren nuni a babban birnin, daga cikinsu akwai Jacques Anquetil da Raphaël Géminiani na Faransa, da Fausto Coppi na Italiya, wanda ya ci tseren Italiya sau biyar, na Faransa sau biyu, wanda kuma mutanen ƙasarsa ke yi wa kirari da zakaran zakaru. Anquetil ya zo na ɗaya, Coppi na biyu, sa'an nan aka kai baƙin farauta a daji. Da suka koma gida zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Coppi da Géminiani. Shi Géminiani an gane cutarsa aka ba shi kwini ya tashi, shi kuwa Coppi ba a gane tasa da wuri ba, ajali ya cim masa a Tortona ranar 2 ga Janairu 1960, yana da shekara 40. Cutar da ke ɗauke 'ya'yanmu kullum ba a jin labari, ita ce ran nan ta cika jaridun Turai.

Sai a 1987, shekarar ƙarshe ta mulkin Thomas Sankara, wanda ya sauya wa ƙasar suna a ranar 4 ga Agusta 1984, wanda kuma ya ɗauki wasannin motsa jiki a matsayin farilla bisa ma'aikaci da ɗalibi, aka kafa tseren ƙasa baki ɗaya. Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da shirya shi shi ne Francis Ducreux, Bafaranshe, tsohon mahayi wanda ya taɓa shiga tseren Faransa, ya dawo Afirka ya zauna, ya shirya gasanni a ƙasashe da dama, har ya rasu a Wagadugu a 2021. Zakaran farko Igor Luchinko ne, daga Tarayyar Sobiyet, abin da ya dace da siyasar wancan zamani. Amma tun daga shekara ta biyu 'yan ƙasa suka karɓe, Mady Kaboré a 1988, Maxime Ouédraogo a 1989, Aimé Zongo a 1990, Saïdou Rouamba a 1991, sa'an nan Ernest Zongo ya ci sau biyu, a 1995 da 1997.

A ganina, dalilin da ya sa wannan tsere ya yi saiwa a Faso fiye da sauran ƙasashen da suka fi ta dukiya ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda keke ya zama abin hawan talakanta, namiji da mace, da shi ake kai itace da kaji kasuwa, da shi ake zuwa gona da makaranta da asibiti, har an daɗe ana harhaɗa shi a masana'anta a Bobo Julaso; saboda haka manomin da ya bar girbi ya tsaya a bakin kwalta ya san nauyin feda a ƙafa, ya san abin da iskar gabas ke yi wa mai tafiya Kaya, yana duban mahayan nan da idon wanda ya san sana'ar. Ranar da tsere zai ratsa gari akan saki 'yan makaranta su yi sahu a gefen hanya, masu kalangu da masu talla su fito, babura da motocin kamfanoni masu tallata hajarsu su wuce da jiniya, sa'an nan can a ga ƙura ta tashi. A wasu zanguna akan bar kwalta a shiga jar hanya ta marmara, inda taya ke fashewa, sarƙa ke cika da ƙasa, mahayi ya isa gari fuskarsa ja wur ba a gane Bature da baƙin mutum sai an zuba musu ruwa, ga kuma zafin rana da kan kusanci digiri 40 tun kafin azahar, dalilin da ya sa ake sammakon tashi ke nan.

Har zuwa 1998 gasar ta masu sha'awa ce kawai, daga 1999 aka buɗe ta ga waɗanda keke ne sana'arsu. A 2001 kamfanin Amaury, mai tseren Faransa, ya ɗauki nauyin shirya ta, ya riƙe har 2008, ya kawo kuɗi da alƙalai da masu ɗaukar hoto, sunan Faso ya shiga gidajen Turai ta talabijin. A tsakiyar wannan zamani, a 2005, hukumar keke ta duniya, UCI, ta kafa jerin gasannin Afirka, ta sa tseren Faso a ciki a daraja ta 2.2, wato mataki na ƙasa a cikin gasanni masu zanguna da take lissafawa, inda ƙungiyoyin ƙasashe da na masu sha'awa ke iya karawa da ƙananan ƙungiyoyin ƙwararru. Lalle ne a faɗi gaskiya, Turawan da ke zuwa ba su ne na sahun farko a ƙasashensu ba, ko da yake Maarten Tjallingii na Holan, zakaran 2003, ya zama sananne daga baya. Amma kekunansu da abincinsu da horonsu sun fi na 'yan gida nesa ba kusa ba, shi ya sa nasarar Abdul Wahab Sawadogo a 2004 da ta Jérémie Ouédraogo a 2005 suka zama abin alfahari ga ƙasar. Mutanen Maroko ma sun yi fice a wannan fage: Abdelati Saadoune a 2002 da 2009, Adil Jelloul a 2007. Da kamfanin Amaury ya janye, masu hasashe sun ɗauka ƙarshen tseren ke nan, sai hukumar ƙasar da ƙungiyar keke tata suka ci gaba da shi, 'yan gida kuma suka ci sau uku a jere, Hamidou Zidweiba a 2011, Rasmané Ouédraogo a 2012, Abdoul Aziz Nikiéma a 2013.

Ita kuwa Kwaddibuwa, ƙasar da ta fi Faso tituna da arziki, tana da nata tseren kewaya ƙasa, da wasu ƙanana kamar na Gabas da na Farin Zinariya, wato na yankin auduga, amma sha'aninsa bai samu ɗorewa irin ta maƙwabcinsa ba. Abijan birni ne na motocin haya irin su gbaka da woro-woro da kwale-kwalen tafkin Ebiriye, wanda ya hau keke ya nufi gadar Houphouët-Boigny da safe ya sayar da ransa da arha, keken ƙasar nan yana arewa ne, wajen Korhogo da Ferkessédougou. To, daga ranar 19 ga Satumba 2002 fitina ta raba ƙasar biyu, Bouaké da abin da ke bayanta suka fita daga hannun hukuma, sulhun da aka ƙulla a Wagadugu a watan Maris na 2007 bai hana rikicin zaɓen 2010 ba, wanda bai lafa ba sai Afrilu 2011, mutanen Treichville da Adjamé kuwa ba sa bukatar a tuna musu da waɗannan watanni. Bayan haka ne aka farfaɗo da tseren Kwaddibuwa, aka laƙaba masa sunan Tseren Sulhu, domin wucewar mahaya daga kudu zuwa arewa ba tare da shinge ba hujja ce da ido ke gani cewa ƙasa ta koma ɗaya. A 2015 ya shiga jerin UCI, Mouhssine Lahsaini na Maroko ya ci shi, ya wuce Faso bayan 'yan makonni ya ci nata. Daga cikin 'yan gida Issiaka Cissé ne sunansa ya fi fita, ya ci tseren ƙasarsa, ya kuma saba da hanyoyin Faso.

Wasan ƙwallo ana iya kulle shi a fili guda a sa masa masu gadi, tseren keke kuwa filinsa hanyar ƙasa ce tun daga wannan gari har wancan, saboda haka shekarun da ba a yi shi ba su ne shekarun da ƙasa ba ta da lafiya. A 2014 an soke tseren Faso don tsoron annobar Ebola da ke cin Gini da Laberiya da Saliyo, ko da yake cutar ba ta shiga Faso ba. A cikin kwanakin da ya kamata a yi shi ne kuma jama'a suka tashi, Blaise Compaoré ya sauka ranar 31 ga Oktoba ya fake a Kwaddibuwa. An dawo, Harouna Ilboudo ya ci a 2016, Mathias Sorgho a 2018, Dário António na Angola a 2019. A 2020, shekarar korona, ba a yi ba. Daniel Bichlmann na Jamus ya ci a 2021, a 2022 kuma, shekarar da aka yi juyin mulki sau biyu, a Janairu da Satumba, aka sake sokewa. Tun da masu ɗauke da makamai suka addabi arewa da gabas, taswirar tseren ta yi ta ƙanƙancewa, zangunan Wahiguya da Dori da Fada Ngurma suka fita, aka takaita ga tsakiyar ƙasa da kudu da abin da ya samu na yamma.

A cikin waɗannan shekaru martabar farko a nahiyar ta koma wasu wurare, Gabon da gasarta da aka soma a 2006, da Ruwanda wadda tserenta ya hau daraja ta 2.1 a 2019, wadda kuma ta karɓi gasar duniya a Kigali a watan Satumba na 2025, karo na farko a Afirka; Eritiriya kuwa ta fitar da Biniam Girmay, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a tseren Faransa na 2024. Afirka ta Yamma ba ta kai wannan matsayi ba, ba kuma don rashin ƙarfin samarinta ba ne, sai don tsadar kayan aiki da ƙarancin gasanni da rashin makarantun horo. Duk da haka a 2023 an sake yin tseren Faso, ɗan ƙasa Paul Daumont, wanda ya wakilce ta a gasar Olimfik ta Tokyo, shi ya shiga Wagadugu da rawayar riga.