Daga yaji da biko zuwa dokar 2015: yadda aka yi ta neman kare matar aure daga duka

 Shugabanni sun ce a yi rubutu kan tarihi, ni kuma na zaɓi abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa a taro: dukan mata a gidan aure, musamman ƙananan amare da ba su daɗe da barin gaban iyayensu ba.

Akwai masu cewa wai Turawa ne suka kawo mana wannan magana. Ba haka ba ne. Tun zamanin kakanninmu mace tana da mafita idan zama ya yi zafi, ita ce yaji. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan ubanta ko na baffanta, miji kuma dole ya bi sawu, ya zo biko da manyansa. A wannan zaman biko ne ake tuhumarsa, a ce masa mun ba ka 'yarmu aure ne, ba mu sayar maka ba. Wani lokaci sai ya yi alkawari a gaban mai unguwa ko liman kafin a mayar masa da matarsa. Yaji ba wasa ba ne, wata irin kotu ce ta dangi. Amma tana da rauni babba: ƙarfinta yana ga ƙarfin gidan su yarinya. Idan uba talaka ne, ko ya ci bashin surukinsa, ko uwa tana tsoron a ce 'yarta ta kasa zaman aure, to da yamma za a rako ta, a ce ki yi haƙuri, haka kowa ta zauna.

Addini ma bai yi shiru ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna morarsu kamar kayan aikin gida. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa jaji, ta ba ta malafa, jajin kuma ta tattaro matan ƙauye su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da wasu. Abin da ya burge ni shi ne tsarin: mata ne ke shiga gidajen mata. Wadda ke cikin kulle, wadda ba ta da hanyar zuwa gaban alƙali, ga wata ta shigo har ɗakinta. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke bi, mace tana da haƙƙin kai ƙara idan miji yana cutar da ita, kuma idan cutarwar ta tabbata alƙali yana iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Wannan daban yake da hul'i, inda ita ce ke fansar kanta da dukiya. Mata da yawa ba su san bambancin ba, sai ka ga yarinya ta sha duka shekara biyu, sannan iyayenta su sayar da akuya su biya mutumin da ya dake ta. Ni kaina sai a ajin yaƙi da jahilci na fara jin wannan bambanci, daga bakin malamarmu.

To, ga inda abin ya ɗaure kai. Dab da samun 'yancin kai aka yi wa Jihar Arewa dokar laifuffuka, wadda ake kira Final Kod, aka zartar da ita a 1959 ta fara aiki a 1960. A cikinta akwai sashe na 55, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya yi wa matarsa horo, muddin al'adarsu ta yarda da hakan kuma bai yi mata mummunan rauni ba. A wannan sashen aka jera uba da ɗansa, malami da ɗalibinsa, ubangida da yaronsa, sai miji da matarsa. Kun ji inda aka ajiye mu. Mummunan rauni kuwa, a fassarar dokar, shi ne irin karaya, ko rasa ido ko ji, ko ciwon da zai kwantar da mutum kwana 20. Wato kumburin fuska da tsinka-tsinkar jiki ba su kai a yi magana ba. Lokacin da aka rubuta wannan doka matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa. Sai a 1976 aka ba mu wannan dama. Babu mace ko ɗaya a majalisar da za ta ɗaga hannu ta ce a dakata.

A wajen majalisa dai akwai masu magana. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, an haife ta a 1933, an yi mata aure tana da shekara 13. Ta shiga NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ta riƙa yawo tana magana kan auren ƙananan yara da ilimin mata da ƙuri'ar mata. Ta sha ɗauri ta sha duka saboda bakinta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta rasu a 2001. Bayan ta ƙungiyoyi suka biyo: FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, ta buɗe makarantu da asibitoci, sai BAOBAB a 1996 da WRAPA a 1999, waɗanda ke tsaya wa mata a kotu, har da kotunan shari'a. Su ne da ire-irensu suka yi shekara da shekaru suna zarya a Majalisar Tarayya.

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Ita ce ta farko a matakin tarayya da ta kira dukan abokin aure da sunansa, ta ce laifi ne, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tara ko duka biyun. Ba duka kaɗai ta hana ba. Korar mace daga gida da ƙarfin tsiya laifi ne. Tafiya a bar ta da yara ba ci ba sha laifi ne. Ƙwace mata jari ko hana ta dukiyarta don ta zauna a ƙarƙashinsa, shi ma laifi ne, kuma wannan ya shafe mu 'yan kasuwa kai tsaye. Dukkanmu mun san wadda ta kwashi adashi da safe, kafin la'asar maigida ya "ara". Dokar ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya, a hana mai dukan kusantar wadda yake duka. Matsalar ita ce dokar tarayya a Abuja kaɗai take aiki, sai kowace jiha ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018. Wasu jihohin sai da aka shiga kullen korona a 2020, ƙararraki suka yi yawa, gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe da cin zarafin mata, sannan suka motsa.

An kuma buɗe cibiyoyi a cikin asibitocin gwamnati inda ake duba wadda aka ci zarafinta, a rubuta rahoton likita, a ba ta shawara. A Kaduna sunansu Salama, a Kano akwai Waraka a asibitin Murtala. Ɗaya daga cikin na Salama tana asibitin da ke ɗauke da sunan Gambo Sawaba a Zariya, kuma ina ganin da tana raye da ta ji daɗin haka.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Yarinya 'yar shekara 19 da goyo a baya ba ta san VAPP ba, kuma ko ta sani ba ta da kuɗin Keke Napep zuwa ofishin 'yan sanda. Wadda take fara gani ita ce mai kayan miya, ko mai kitso, ko maƙwabciyar da ta ji ihu ta katanga. Mu ne ke ganin amarya ta zo da niƙabin da ba ta saba sawa ba, ko ta daina zuwa biki, ko wayarta kullum tana hannun miji. A ganina kalmar haƙuri ita ce aka fi zalunta a harshenmu. Haƙuri da talauci daban, haƙuri da halin uwar miji daban, amma wanda ya shaƙe matarsa sau ɗaya, mayar masa da ita a daren nan ganganci ne da rai. Wadda ta zo miki da rauni, kada ki fara da tambayar me kika yi masa. Ki ba ta ruwa, ki raka ta asibiti a rubuta, a ɗauki hoton raunin, domin alƙali da shaida yake aiki. Idan fyaɗe ne, a je cikin kwana 3, lokacin da maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. Sannan a nemo waliyyinta ko wani babba mai jin magana, kuma kada labarinta ya zama na bakin rijiya.

Ku kuma iyaye maza da ke karanta wannan, ƙofar gidanku ita ce matsugunin farko. Surukin da ya san matarsa tana da inda za ta koma, kuma za a tambaye shi dalili, yakan yi tunani kafin ya ɗaga hannu.

A taronmu na gaba ina da niyyar kawo shawara biyu gaban shugabanni: a ware wani ɗan kaso daga asusunmu don kuɗin mota da katin asibiti na irin waɗannan yara, kuma a ba ƙananan matan aure damar shiga adashi da rabin zubi, da sunansu, ba da sunan mazajensu ba. Wadda ke da gyara ko ƙari ta same ni a rumfa kafin ranar.