'Yar Italiya a Rairayin Rara

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo kafin shekarun 1990 ya san babura kashi biyu ne, akwai na neman abinci, akwai na mutunci. Vespa ita ce ta mutunci. Hedimasta ke hawanta, da malamin asibiti, da magatakardan alƙali, da ɗan kasuwar da albasa ta yi wa rana. Tun daga bakin gari ake gane siririyar ƙararta, kafin mai ita ya iso ƙofar gida an riga an shimfiɗa tabarma. Ni a cikin hayaƙinta na tashi. Daga Rara aka kai ni birnin Sakkwato koyon gyaranta wurin wani dattijon bakanike, kuma har yau ita nake hawa.

Wanda ya zana ta ba ya ƙaunar babur ko kaɗan. Kamfanin Piaggio, wanda Rinaldo Piaggio ya kafa a Genoa a 1884, jiragen sama yake ƙerawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa aka yi wa masana'antarsa ta Pontedera ruwan bama-bamai. Da yaƙi ya ƙare, hanyoyin Italiya sun farfashe, mutane kuma ba kuɗin mota. Sai ɗansa Enrico ya ɗora wa wani injiniyan jirgin sama, Corradino D'Ascanio, aikin ƙera abin hawa mai araha. Shi kuwa a ganinsa babur aibi ne da shi ko ta ina: sarƙa na ɓata tufafi, canza taya wahala ne, hawa kuma sai an ɗaga ƙafa an ƙetara. Ya bi aibobin nan ɗaya bayan ɗaya ya toshe. Ya rufe inji da murfi, ya haɗa shi kai tsaye da tayar baya ba tare da sarƙa ba, ya sa garkuwa a gaba ta tare laka, ya bar fili a tsakiya inda mutum zai ajiye ƙafafunsa, ya mai da giya hannun hagu. Tayar gaba kuwa ta gefe ɗaya aka riƙe ta, yadda ake yi wa tayar jirgi. A watan Afrilun 1946 aka yi mata rajista.

Bature ya yi wannan ne don mai kwat da mai siket, bai san Bahaushe ya ɗinka wa ba. Mai babbar riga in zai hau babur irin na kowa sai ya naɗe ta a kafaɗa, ya tattare wando, yana tafiya yana fargabar kada sarƙa ta kama masa gefen riga. A kan Vespa kuwa zama yake yi, ya tattaro rigarsa a cinya, ya bar gida da farar shadda ya isa masallacin Juma'a da ita fara tas. Yaro na tsaye a gabansa riƙe da kan babur, uwargida na baya ta zauna a kaikaice. Babu wata talla da aka yi mana wadda ta kai wannan.

Tun shekarun 1960 ana ganin ta jefi-jefi a manyan birane tare da kishiyarta Lambretta, ta kamfanin Innocenti na Milan. Amma shekarun 1970 ne suka cika gari da ita. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ofisoshi suka yawaita. A farkon 1975 aka biya kuɗin Udoji, ƙarin albashi haɗe da ariyas na watanni, ma'aikacin da bai taɓa riƙe kuɗi a dunƙule ba ya riƙe. A 1976 aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta, aka kuma yi wa ƙananan hukumomi garambawul, sai ga malamai da akawuna ana tura su ƙauyuka, ga kuma rancen abin hawa da ake cirewa a albashi kaɗan-kaɗan. A shekarun nan ne ma mutanenmu suka ga Italiyawa ido da ido, lokacin da kamfanin Impresit ke gina madatsar Bakolori tsakanin 1974 da 1978. Ta Goronyo ta biyo baya, aka kammala ta a 1984. Albashin waɗannan ayyuka ya sayi babura ba kaɗan ba. Ranar ɗaurin aure kuwa sai ka ga abokan ango sun jero su bi-da-bi, kowace da rigar kujera ta jar fata da dukawa suka ɗinka, an ƙara madubai, an goge garkuwa tana ɗaukar ido.

Akwai gaskiyar da masu son ta ba su cika faɗa ba: Vespa 'yar birni ce. Tayarta inci 10 ce, ta samfurin Super ma inci 8, alhali ta Yamaha da Suzuki na kai 17 ko 18. Ga nauyin inji duk a ɓangaren dama. In ka bar kwalta ka nufi Rara ko Gandi, ka shiga rairayin nan mai cin ƙafa, za ta yi ta watangaririya da kai. Shi ya sa malaman gona, masu ratsa fadamu, na Japan suka fi zaɓa. Mu da muka nace mata sai muka koyi halinta. Ka rage wa taya iska kaɗan, ka sa giya ta biyu, ka ja da baya a kujera don gaba ya yi sauƙi, kada ka kuskura ka taɓa birkin hannu, ka sake mata kai ta nemi hanyarta. Da damina kuma, in ruwa ya kai mata ciki, ka shirya sauka ka cire fulogi ka busar.

Amma ta wani wajen ta fi su duka, wato ƙaya. Ƙasarmu ƙasar aduwa ce da bagaruwa, kuma a wancan zamani mai faci ba ko'ina ake samunsa ba. Mai Honda in ya yi faci a dokar daji sai turi. Mai Vespa kuwa da tayarsa ta ajiya yake yawo, kuma ta gaba da ta baya duk ɗaya ne. Ya rufe makunnin mai, ya shimfiɗa tsumma ya kwantar da ita a gefe, ya kwance noti biyar, ya musanya, ya kaɗe rigarsa ya wuce. In ya isa gida ma ba ya bukatar ƙarfen ɓamɓare taya, domin bakin ƙarfen gida biyu ne, da an kwance shi sai ya rabu.

A rumfar maigidana darasin farko shi ne mai. Injin Vespa ba shi da wurin ajiye man da zai jiƙa fistin, a cikin fetur ake haɗa masa, kashi 2 cikin 100, wato mili 20 a kowace lita. Mu da ƙaramin gwangwanin tumatir muke awo, cikinsa ɗaya da ɗan ɗori ga galan guda. Ya kan ce mini, "Ɗan nan, wagga ba a yi mata rowa. Ka hana mata baƙin mai yau, gobe ta ci maka fistin." Mutane da yawa kuwa sai su zarce, su yi ta ɗura mata man mota mai kauri, hayaƙi ya daskare ya toshe salansa, babur ya rasa ƙarfi. Maganinsa wuta. Mu cire salansar mu tura ta cikin wutar kara har ta yi ja, in ta huce a bubbuga ta da itace, baƙin gawayi ya yi ta zubowa.

In mai babur ya iso ya ce, "Malam, duba muna, tun jiya ba ta jin daɗi," dattijon ba ya taɓa sufana tukuna. Sai ya ce a buga kik, ya karkata kai yana sauraro, sannan ya ce in cire fulogi in miƙo. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi yana maiƙo, mai ya yi yawa ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. In ya yi fari fat, to nan ne hankalinsa ke tashi, domin iska na satar shiga ta wani wuri, galibi robar da ke rufe bakin inji ta mutu, kuma in aka ci gaba da hawa a zafin bazara fistin zai liƙe ana tsakiyar tafiya. Jarrabawar yaro kuwa wayoyin giya ce. Guda biyu ne suke tashi daga hannun hagu, su bi ta cikin gangar jiki inda ido ba ya gani, su fito wurin inji, ɗaya na ja ɗaya na saki. Ranar da ka zura su, ka daidaita su har kowace giya ta faɗa daidai da lambarta a hannu, ranar za a fara barin ka da babur ɗin mutane.

Daga 1982, da gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya yi wuya. A 1986 tsarin SAP ya karya darajar Naira, sabuwar Vespa ta fi ƙarfin albashin malamin makaranta, kuma ba ta sake dawowa hannunsa ba. Daga nan rayuwarta ta koma hannun kanikawa. Babur biyu matattu su haifar da rayayye ɗaya. A kai silinda wurin masu injin gora a faɗaɗa ta, a sa fistin da ya fi girma, in ya cinye a ƙara faɗaɗawa. Mai walda ya cike ƙasan da tsatsa ta ci. Ba a zubar da komai, ko noti ne sai a jefa shi gwangwani.

Abin da ya cece mu da gaske Indiya ce. Tun wajen 1960 kamfanin Bajaj ke ƙera Vespa da izinin Piaggio, da izinin ya ƙare a 1971 sai ya ci gaba da tasa mai suna Chetak, wadda aka kwaikwayo daga Vespa samfurin Sprint. A shekarun 1980 kamfanin LML ya shiga yarjejeniya da Piaggio yana ƙera irin PX, samfurin da ya fito a 1977. Ita ma Lambretta gwamnatin Indiya ce ta saye injinan ƙera ta a 1972. Ta haka kayan gyara masu araha suka riƙa isowa shagunan 'yan kasuwar Nnewi a Kano da Sakkwato.

Nan ne aka samo gardamar da har gobe ba ta ƙarewa a rumfa: 'yar Italiya ce ko 'yar Indiya? Mai sayarwa zai rantse maka ta asali ce. Wanda ya sani ba ya musu, durƙusawa yake ya goge lambar da aka buga a gangar jiki. VBC Super ce, VLB Sprint, VLX kuma PX 150. Sannan ya buɗe akwatin kafireta ya duba ko Dell'Orto ce ta Italiya ko Spaco ta Indiya. Dattawa sun fi son Sprint da Super saboda zagayen jikinsu, suna ganin PX ta cika kusurwa, masu tasowa a bayansu kuma suna yabon PX da sigina da laushin tafiya. Ni ra'ayina, a gangar jiki da fenti ban ga wadda ta kamo ta Pontedera ba. Amma ba na yarda a raina ta Indiya a gabana, domin da wuya ka sami 'yar Italiyar da ke yawo a Sakkwato yau wadda ba fistin ko ringin Indiya ne ke bugawa a cikinta ba.

Ƙarshen shekarun 1990 Jincheng ta Sin ta shigo da arha, daga baya Boxer ta Bajaj ta mamaye ƙauyuka. Ba haɗa mai, ba shan fetur sosai, ga ɗaukar buhunan albasa zuwa kasuwar Acida ko Goronyo, ga kabu-kabu. Ban ga laifin wanda ya koma can ba, Vespa dama ba a yi ta don wannan aiki ba. Abokan sana'ata da dama kuwa Keke Napep ce ta ɗauke su, wadda muke kira agwagwa da buje. Ba su sha wahalar koyo ba, domin 'yar gida ce. Tun 1948 Piaggio ya sa wa Vespa taya uku da akwati a baya ya kira ta Ape, daga nan Bajaj ya samo tasa. Dubi hannun hagun mai keke yana murɗa giya, aikin D'Ascanio ne. Ita PX dokokin hayaƙi na Turai ne suka kashe ta wajen 2017, shekarar da LML ma ya durƙushe. Sababbin Vespa na yanzu ba giyar hannu, kuɗinsu kuma na mota ne. Samarinmu in sun ce babur ɗin Italiya, Ducati suke nufi, wadda suke kallo a waya.

Abin da ya fi yi mana illa ba kasuwa ba ce, rashin tsaro ne. Tun harin da aka kai yankin Gandi a 2018 hanyoyin gabas suka canza. A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta hana zirga-zirgar babura daga 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomi da dama, har da Rabah da Wurno da Goronyo, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Babur ya zama abin tuhuma. Mai Vespa ba a cika tsare shi a shinge ba, kowa ya san ba da ita ake shiga daji ba, amma dattijon da ke hawanta daga ƙauye zuwa gari ya daina fita, wani ma ya kwashe iyali ya koma birni. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗan fansho ya lissafa fetur da baƙin mai, ya jingine ta a zaure.

Can suke yanzu, a zauruka, kaji na kwana a kansu, 'yan gwangwan na zagayawa suna taya su da kilo. Mu da muka iya gyaranta a birnin Sakkwato duk furfura ta kama mu, yaran da ake kawo mana kuma Boxer suke son koyo, don nan abinci yake. Wanda ya gaji irin wannan babur a gidansu, ina roƙonsa kada ya miƙa wa mai sikeli. Ya zubar da tsohon fetur ɗin da ke tanki, ya cire fulogi ya ɗiga baƙin mai cokali guda a ramin, ya taka kik a hankali ya ji ko fistin na motsi, ya ɗora ta kan bulo don tayoyi su bar ƙasa, ya rufe ta kada ruwan indararo ya taru a inda ake ajiye ƙafa, domin ta nan tsatsa ke fara ci. Fistin da ringi da wayoyi har yanzu ana samun su a Kano. In gangar jikin na da lafiya, aikin mako guda ne ta tashi.